Ɗaukar Hoton Tsuntsu ta Madubin Hangen Nesa: Abin da Muka Koya a Bakin Baraji



Duk wanda ya fito daga Zogona bayan sallar Asuba ya miƙi hanyar arewa, ba zai yi wata doguwar tafiya ba zai riski dajin Bangr-Weoogo, in kuma ya ƙara gaba kaɗan sai ga shi a bakin madatsar ruwa ta uku, wadda kowa a garin nan ya fi sani da baraji. Tun 1936 Turawan mulkin mallaka suka keɓe wannan daji. A watan Janairun 2001 aka miƙa shi ga hukumar birnin Wagadugu, aka raɗa masa sunan da yake amsawa yau, wanda a harshen Mosi yake nufin dajin ilimi. A 2019 kuma aka haɗa shi da barajin nan guda uku aka sanya su cikin jerin dausayoyin duniya da yarjejeniyar Ramsar ta san da zamansu. Da yawanmu mun girma a maƙwabtakarsa ba mu san darajarsa ba, iyaka mu ratsa gefensa a kan babur muna kukan sauro.

A wani hunturu, shekaru kaɗan da suka wuce, wani ɗan'uwa mai karatun ilimin halittu a jami'a ya ara mana madubin hangen nesa, irin mai ido ɗayan nan da ake kafawa a kan ƙafa uku, wanda Faransanci ke kira longue-vue. Muka kwashi yaran gida muka nufi bakin ruwa. Can tsakiyar wata tunga muka hango zalɓe a tsaye, muka juya madubin wajensa, sai ga shi kamar a miƙa hannu a taɓa: ƙwayar idonsa rawaya, da baƙin zane daga ido zuwa ƙeya, iska tana kaɗa gashin ƙirjinsa. Yara suka ce lallai sai an ɗauki hotonsa an kai wa kakarsu. Mu kuwa, da yake mun ga an rubuta 20 zuwa 60 a jikin madubin, sai muka murɗa har ƙurya, a zatonmu mafi girma shi ne mafi kyau, muka kara wayar salula a bakinsa muka yi ta dannawa. Da muka koma gida ƙaramin cikinsu ya ruga yana cewa, "Hajiya, ga zalɓe mun kawo miki!" Ta karɓi wayar ta nisanta ta da ido, ta kusanto da ita, sa'an nan ta ce, "Wannan zalɓe ne ko hayaƙin murhu?" Haƙiƙa ba ta zalunce mu ba. Abin da ke cikin hoton baƙar da'ira ce, da wani abu toka-toka a tsakiyarta.

Mun daɗe muna ɗora wa wayar laifi. Sai daga baya, bayan fita da yawa da tambayar waɗanda suka riga mu, muka gane cewa laifin na kwaɗayinmu ne: ƙara girman da muka yi shi ya cinye hasken, shi ya ninka rawar hannu, shi ya jawo ƙurar hunturu gaba ɗaya cikin hoton. Abin da muke so mu bayyana wa mai karatu ke nan, domin wanda Allah ya hore wa irin wannan madubi, ko ya samu aro kamar yadda muka samu, kada ya maimaita ɓatan lokacinmu.

Ita wannan dabara ba tsohuwa ba ce. Ana danganta yaɗuwarta ga wani mai kallon tsuntsaye a ƙasar Malesiya, Laurence Poh, wanda a 1999 ya kara ƙaramar kyamararsa ta zamani a bakin madubin hangen nesa ya ga hoto ya fito. A cikin wannan shekara wani Bafaranshe, Alain Fossé, ya ba ta sunan da aka san ta da shi a Faransanci, wato digiscopie. Kafin nan hoton tsuntsu daga nesa sai mai dogon gilashin kyamara na maƙudan kuɗi. Yau kuwa wayar da ke aljihun kowa tana iya yin aikin, in an fahimci yadda haske ke bi ta cikin madubin.

Maleƙi, inda akasarin matsalar take

Madubin yana da gilasai biyu da ya kamata a sani. Akwai babban gilashin gaba mai tara haske, wanda faɗinsa yakan kasance milimita 60 ko 65 a ƙananan madubai, 80 ko 85 a manya. Akwai kuma ƙaramin na baya, inda mutum ke kara idonsa, wanda Faransanci ke kira oculaire. Mu a nan za mu kira shi maleƙi. Maleƙi shi ke yanke yawan ƙara girman abin da ake kallo, kuma a madubai masu kyau ana iya kwance shi a sa wani. Iri biyu ne: akwai mai murɗawa, wanda ke tashi daga ninki 20 zuwa 60, akwai kuma tsayayye, mai ninki ɗaya tak, galibi 30, wanda ba ya ƙaruwa ba ya raguwa.

Duk sabon shiga mai murɗawa yake so, kuma ba a ga laifinsa ba, don a wajen kallo da ido yana da amfani: ka nemo tsuntsun da ƙaramin ninki, ka murɗa ka duba launin ƙafarsa. Amma a wajen hoto lissafin daban ne. In mai karatu ya juya madubin wajen sarari mai haske, ya ja da baya kamar kamu ɗaya ya dubi maleƙin, zai ga wani ɗan ɗigon haske yana shawagi a tsakiyarsa. Duk hasken da babban gilashi ya tara ta wannan ɗigo yake fita, kuma faɗinsa yana da lissafi mai sauƙi: a raba faɗin gilashin gaba da yawan ninki. Madubi mai milimita 80 a ninki 20 yana ba da ɗigo mai milimita 4. A ninki 30 ɗigon ya koma 2.7. A ninki 60 kuwa saura 1.3 kawai, bai kai ƙwayar gero ba. To, da yake haske yana bin faɗin fili ne ba tsawon layi ba, in ɗigon ya ragu da rabi, hasken kashi ɗaya cikin huɗu ya rage. Wato wanda ya tashi daga 30 ya koma 60 ya zubar da kusan kashi uku cikin huɗu na haskensa, alhali kuma duk motsin da ƙafa uku ta yi ya ninka sau biyu a cikin hoton.

Akwai wani abu kuma da ya sa muka tsaya a kan 30. Kafar da haske ke shiga ta gilashin wayar salula ƙarama ce, tsakanin milimita 2 zuwa 4 gwargwadon wayar. Saboda haka ɗigon milimita 2.7 ya dace da ita ƙwarai, kusan ya cika ta. Mai ƙaramin madubi na milimita 65 kuwa, ninki 30 yana ba shi ɗigon 2.2, wanda har yanzu yana aiki. In ya wuce 40 ya fara shiga duhu.

Sai maganar baƙar da'irar nan da ta ɓata mana zalɓe, wadda ke sa hoto ya zama kamar mutum yana cikin rijiya yana kallon sama. Sababinta biyu ne. Na farko ƙuncin filin maleƙi. Maleƙan da ke murɗawa daga 20 zuwa 60 suna da wata ɗabi'a mai ban haushi: a ƙaramin ninki, inda suka fi haske, nan ne filinsu ya fi ƙunci, sai an murɗa su sama filin ke buɗewa, a daidai inda haske ya ƙare. Tsayayyen maleƙi mai ninki 30, musamman wanda aka rubuta wa W ko WA a jiki, alamar faɗin fili, ya kuɓuta daga wannan: yana da haske, yana da faɗi, kuma da yake gilasan cikinsa ba sa motsi yakan fi kaifi. Kamfanoni irin su Swarovski da Leica sun fito da masu murɗawa masu faɗin fili daga 25 zuwa 50, Kowa kuma daga 25 zuwa 60, waɗanda suka magance wannan aibi, sai dai kuɗin madubi ɗaya daga cikinsu ya haura na sabon babur. Ba da su muke magana ba a nan.

Sababi na biyu shi ne tazarar ido. Ɗigon hasken nan ba a jikin gilashi yake ba, yana tsaye ne a iska, 'yar tazara bayan maleƙin, kuma dole gilashin kyamara ya zauna daidai wurin. In ya matsa ciki da yawa inuwa ta riƙa yawo a hoton, in ya ja baya da'irar ta matse. Maleƙin da tazararsa ta kai milimita 17 zuwa 20 shi ya fi sauƙin aiki, kuma shi ne wanda masu sa tabarau ke jin daɗinsa. Robar da ke kewaye da bakin maleƙi ana murɗa ta sama ko ƙasa. A yi ta gwadawa a gida, a kan reshen dalbejiya ko eriyar maƙwabci, har a sami matsayin da da'irar ta fi buɗewa, a yi masa alama.

Saboda haka hukuncinmu a taƙaice: mai zaɓi ya ɗauki tsayayyen maleƙi mai faɗi na ninki 30. Wanda kuma mai murɗawa ne a hannunsa, kamar yawancinmu, ya riƙe shi tsakanin 20 da 30 ya haƙura. Hoton ƙaramin tsuntsu mai kaifi ana iya yanke gefensa daga baya a kusanto da shi. Hoton babban tsuntsu da ya dushe ba shi da magani.

Kuma kada a raina ninki 30. Babban gilashin yawancin wayoyi yana daidai da gilashin kyamara na milimita 26 ko kusa da haka. In aka ninka da 30 an sami 780. In wayar tana da gilashi na biyu mai kusantowa sau biyu, an haura 1,500. Manyan gilasan da ƙwararru ke saɓawa a filin ƙwallo galibi 400 ne zuwa 600.

Haɗa waya da madubi

Riƙe waya da hannu a bakin maleƙi yana yiwuwa, amma wahala ce, don kauce wa ɗigon da milimita ɗaya ya isa ya duhunta rabin hoto. Ana sayar da ƙarfen maƙalawa, mu dai namu haɗin gida ne: muka sami guntun tiyon roba na masu aikin famfo wanda bakinsa ya shige kan maleƙin daram, muka yanke shi gajere, muka liƙa shi da gam mai ƙarfi a bayan wata tsohuwar rigar waya, ramin kyamara a tsakiyarsa sosai. Duk wahalar a daidaita tsakiyar take. A yi ta kafin gam ya bushe, da wayar a kunne ana kallo. Har yau shi muke amfani da shi.

Wayoyi masu gilashi biyu ko uku a baya suna da wani wayo mai cutarwa a nan: in suka ga haske ya ragu sai su sauya gilashi da kansu, su koma wanda ba ya kan maleƙi, fuskar waya ta yi baƙi ƙirin. Maganinsa a shiga sashen da ake kira Pro a cikin kyamarar wayar, inda gilashin da aka zaɓa yake zama. In baƙar da'ira ta rage a gefe, a ɗan kusanto da yatsu biyu har ta fita daga kusurwoyi, a tsaya nan. Abin da ya wuce haka ba kusantowa ba ce, wayar tana kumbura hoton ne kawai.

Wanda ke da tsohuwar ƙaramar kyamara a cikin durowa, irin mai kusantowa sau uku ko huɗu, ya fito da ita, don ita ce asalin kayan wannan sana'a. Masu dogon hancin nan da ke kusantowa sau 20 ko 30 ba sa jituwa da maleƙi, da'irar ba ta rabuwa da su.

Saitin kyamara

Kyamara tana ƙiftawa ne kamar ido, kuma saurin ƙiftawar shi ne kan gaba a wannan aiki, domin duk abin da ya motsa a lokacin da take buɗe zai dushe. Ga tsuntsun da ke tsaye cik, kamar zalɓe mai dakon kifi, 1/250 na sakan na iya wadatarwa in ba iska, amma 1/500 ya fi kwanciyar hankali. Ga mai kiwo yana tafe, kamar belbela a bayan shanu ko kirinjijiya tana wanka, a nemi 1/1000. Tsuntsu a sama kuwa, shirwa ko tsattsewa, a bar wa masu dogon gilashi. Madubin hangen nesa ba a yi shi don bin mai tashi ba.

A ƙaramar kyamara a juya zuwa harafin A, ko Av a ta kamfanin Canon, a buɗe kafar haske iyakar buɗewa, wato a zaɓi lambar f mafi ƙanƙanta. Tsuke ta ba ya ƙara komai a nan, tun da ɗigon maleƙi ya riga ya iyakance hasken. Sai ma ya jawo baƙar da'ira. Daga nan kyamara za ta zaɓi saurin ƙiftawa da kanta, kai kuma ka sa mata ido. In ka ga ya faɗo ƙasa da abin da kake so, sai ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske. Tsofaffin ƙananan kyamarori da ƙananan wayoyi suna fara yin yashi-yashi da zarar an wuce 400. Sababbi suna jure 800 har 1600. Mu dai mun zaɓi yashi a kan dushewa, don hoto mai yashi ana gane tsuntsun da ke ciki. A waya, cikin sashen Pro, kai ne za ka sa saurin ƙiftawa da ISO da hannunka. Fitilar kyamara a kashe ta. Ba ta kai ko'ina, sai firgita abin da ke kusa.

Akwai alamar nan ta +/- wadda mutane da yawa ba su taɓa taɓawa ba, alhali a bakin baraji ita ce rabin aiki. Kyamara ba ta san tsuntsu ba, matsakaicin hasken fili gaba ɗaya take aunawa. In belbela fara fat ta tsaya a gaban duhun ciyawa, kyamara za ta ƙara haske don ciyawar, belbela ta ƙone ta zama farin tabo ba gashi ko ɗaya. A rage zuwa -0.7 ko -1. In kuma hankaka ne ko ungulu a kan busasshen reshe, farin sararin hunturu a bayansa, kyamara za ta rage haske don sararin, tsuntsun ya zama inuwa; a ƙara zuwa +1, wani lokaci ma fiye. A yawancin wayoyi, in ka taɓa tsuntsun a fuskar waya wata 'yar rana takan fito, a ja ta sama ko ƙasa.

Wajen daidaita gani, madubi ne a gaba, kyamara ta biyo. A murɗa zoben madubin a hankali ana kallon fuskar waya, ba da ido a maleƙi ba, domin idon wani ba daidai yake da na kyamara ba, musamman mai sa tabarau. A nemi ƙwayar idon tsuntsun. In ido ya fito, an yafe wa wutsiya. Sa'an nan a danna yatsa a kan tsuntsun a riƙe har wayar ta kulle saitin, don kada ta koma bin karan da ke gabansa. A irin wannan ninki zurfin abin da ke fitowa da kaifi kaɗan ne ƙwarai, taku biyu in tsuntsun ya yi sai an sake.

Abu na ƙarshe, kada yatsa ya taɓa waya a lokacin ɗauka. A sa jinkirin sakan 2 ko 3, ko kuma a soka wayar sauraro ta kunne a danna maɓallin ƙara murya, wanda a wayoyi da yawa yake ɗaukar hoto. A ɗauki jeri, goma ko ashirin a kan tsuntsu ɗaya, don a cikinsu ɗaya ko biyu za su faɗo a daidai lokacin da iska ta lafa. Ƙafa uku kuma kada a miƙe ta duka. Gajeruwa ta fi tsayuwa, a zauna a kan 'yar kujera, a rataya jaka mai nauyi a tsakiyarta.

Iska, ƙura da rana

Duk saitin da muka lissafa ba zai yi komai ba in an makara. A watan Janairu rana tana fitowa a Wagadugu wajen ƙarfe 6 da rabi, kuma daga nan zuwa kamar ƙarfe 9 shi ne lokacin aiki. Da ƙasa ta ɗauki zafi sai iskar da ke samanta ta fara rawa, kawalwalniya ta tashi, kuma madubi yana ƙara mata girma kamar yadda yake ƙara wa tsuntsu. Ba kyamarar da ke gyara wannan. Haka ranar da hazo ya sauka: duk ƙurar da ke tsakaninka da tsuntsun tana cikin hotonka, don haka tsuntsu a taku 30 da ninki 20 ya fi tsuntsu a taku 100 da ninki 60 nesa ba kusa ba. Kusantar kuwa ba da bin tsuntsu ake samunta ba. A zauna wuri ɗaya a jikin itace, da tufafi marasa ƙyalli, a yi shiru. Bayan ɗan lokaci su da kansu suke dawowa kiwonsu. Zakaran ƙeƙuwa ne kawai ba ya yafiya, da ya gan ka sai ya sanar da duk bakin ruwa.

A sa rana a baya. Ruwan barajin yana gangarowa ne daga yamma zuwa gabas, saboda haka mai fitowa da safe daga ɓangarenmu ya yi sa'a, yana kallon yamma rana tana haska masa tsuntsaye. Kuma a ja wa yara kunne da babbar murya: ba a juya madubi wajen rana ko da wasa, ƙiftawa ɗaya ta isa ta lalata ido har abada. A cikin dajin akwai kadoji, kada a ja da baya ana kallon waya a bakin ruwa. Gilashin da ƙura ta hau kuma ba a goge shi da bakin riga, don ƙurar hunturu tana karce shi. A hure ta da 'yar robar hura iska tukuna, sa'an nan a shafa da tsumma mai laushi.

Akwai ladabin da ya wajaba a kan mai riƙe da irin wannan abu. Madubin da ke nuna idon zalɓe yana nuna tsakar gidan mutane, yana nuna mata masu wanki da masu ban ruwa a lambunan Tanghin, kuma leƙen asirin mutane haramun ne ko da ido aka yi shi, balle da gilashi. A karkatar da shi daga gare su, a yi wa masu lambu sallama, a nuna musu abin da ake kallo. Sau da yawa su ne za su gaya maka inda tsuntsaye ke kwana. Sa'an nan halin tsaron da ƙasa ke ciki ba ɓoyayye ba ne. Mutumin da ya kafa dogon abu a kan ƙafa uku dole a tambaye shi. A riƙe katin shaida, a nisanci barikoki da gine-ginen hukuma da na'urorin ruwa, in za a shiga dajin kuma a tambayi masu tsaron ƙofa ƙa'idar ɗaukar hoto tun kafin a buɗe jaka.

Hoton kuma a yi me da shi?

Mai karatu na iya cewa, duk wannan wahala don a burge Hajiya? Da farko haka ne. Amma hoton tsuntsu mai kaifi, wanda aka san ranarsa da wurinsa, shaida ce. Kowace shekara a tsakiyar Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da yawa a ƙarƙashin jagorancin ƙungiyar Wetlands International. An fara a 1967, Afirka ta shiga sosai daga 1991. A ƙasar nan ƙungiyar NATURAMA, abokiyar aikin BirdLife International, ta yi shekaru tana aiki a wurare irin su tafkin Oursi da kwarin Sourou. Rashin tsaro ya sa zuwa irin waɗannan wurare ya yi wuya ga mai yawon ganin tsuntsu, saboda haka abin da ake gani a barajin cikin gari ya ƙara daraja. Wasu tsuntsayen da ke sauka nan da sanyi daga Turai suke, kuma akan dace da mai zobe a ƙafa, wanda masu bincike suka sa masa. Ido yakan yi kuskuren launin zobe ko harafin da ke jikinsa, hoto kuwa ana iya sake dubawa. Don gane sunaye, littafin Nik Borrow da Ron Demey a kan tsuntsayen Afirka ta Yamma, wanda aka fassara zuwa Faransanci, shi ne abin dogaro, kuma ana iya shigar da abin da aka gani a rumbun eBird na Jami'ar Cornell ta Amurka.

Wanda ya fi buƙatar shaidarmu kuwa ita ce ungulu. Dattawanmu suna tuna lokacin da ba a yanka dabba a garin nan ba tare da ta jeru a kan katanga ba. Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar yana ƙirga tsuntsaye masu farauta tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin nan a 2003 da 2004, ya tarar manyan ungulayen daji sun kusa ƙarewa a wajen gandayen da ake tsaro. Ita ma ta cikin gari ba ta tsira ba: a 2015 hukumar IUCN ta sanya ta a matakin da ke dab da ƙarewa, a 2020 kuma aka kashe kimanin 2,000 da guba a Gini-Bisau, da yawa an yanke musu kai don sayar wa masu tsubbu. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, a kan manyan itatuwa irin su ɗorawa da gawo da tsamiya, don haka abin da aka rasa ba ya saurin dawowa.

Ga mai madubi, ungulu ta fi kowane tsuntsu sauƙin ɗauka, don takan daɗe a zaune. A ƙara haske zuwa +1 in sarari ne a bayanta, a nemi kai. Babba tana da fuska ja-ja da farin gashi mai laushi a ƙeya, ƙarama kuwa gashin ƙeyarta baƙi-baƙi ne, fuskar ba ta yi ja ba. Ganin ƙanana a cikin garke shi ke nuna cewa har yanzu ana ƙyanƙyasa a kusa, kuma irin wannan bambanci sai hoto mai kaifi ke tabbatar da shi. Amma in aka dace da sheƙa, a tsaya nesa, kada a daɗe, kuma kada a yaɗa hoton a WhatsApp ko Facebook da sunan wurin. Waya tana iya rubuta ainihin inda aka tsaya a cikin hoton ba tare da mai ita ya sani ba, ga shi kuma masu neman ƙwan ungulu su ma suna da waya. A kashe alamar wuri a saitin kyamara kafin a fita, a rubuta rana da wurin a littafin aljihu, a miƙa su hannu da hannu ga ma'aikatan gandun daji ko masu binciken da aka amince da su.